Yadda Ake Kare Gidan Wasan Kwaikwayo da Zauren Kiɗa daga Gobara da Tsarin Hazon Ruwa

Gidan wasan kwaikwayo yana tara abubuwa uku masu haɗari a ƙarƙashin rufi ɗaya: jama'a masu yawa da ke zaune cikin duhu a wurin da ba su saba da hanyoyinsa ba, kayan da wuta ke ci da sauri irin su labule da katako da soson kujeru, sannan fitilu masu zafi da wayoyin lantarki da ke rataye a saman dandamali. A ranar 8 ga Disamba 1881 gobara ta cinye gidan wasan Ringtheater a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, inda aƙalla mutum 384 suka rasu. A ranar 30 ga Disamba 1903 fitilar dandamali ta kama wani labule a gidan wasan Iroquois na Shikago a Amurka, mutum kusan 600 suka halaka. Kano ma ta ɗanɗana wannan masifa a ranar 13 ga Mayu 1951, lokacin da wuta ta tashi daga ɗakin majigi na sinimar El-Duniya ta kashe mutum 331.

Maganin da aka daɗe da sani shi ne tsarin yayyafin ruwa da ake kafawa a silin, kuma ya ceci rayuka masu tarin yawa. Sai dai masu kula da irin waɗannan gine-gine suna tsoron ruwa kusan yadda suke tsoron wuta, domin ambaliyar mintuna kaɗan tana iya kumbura katakon dandamali, ta lalata fiyano da sauran kayan kiɗa, ta ɓata adon bango da aka yi shekaru ɗari ana tattalinsa. Daga nan ne hankali ya karkata ga tsarin hazon ruwa, wanda ke yaƙar wuta da ruwa kaɗan. Tsari ne mai kyau ƙwarai, amma yana aiki ne kawai a cikin iyakokin da aka gwada shi a kansu, kuma duk matakan da ke tafe sun dogara ne a kan wannan sharaɗi.

A fara da fahimtar yadda hazon yake kashe wuta

Ana tura ruwa da matsi mai ƙarfi ta cikin ƙananan ƙofofin bakin feshi, sai ya fito a matsayin ɗigo-ɗigo masu matuƙar ƙanƙanta. Ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 750, wadda ta fara fitowa a 1996, ta ce ana kiran feshi hazo ne idan kashi 99 cikin 100 na ruwan yana cikin ɗigon da faɗinsa bai kai milimita 1 ba. Amfanin ƙanƙantar a lissafi yake: idan aka farfasa ɗigo mai faɗin milimita 1 zuwa ɗigo masu faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita, za a sami ɗigo 1,000, kuma fuskar ruwan da ke taɓa zafi za ta ninka sau 10. Saboda haka ruwan yana shanye zafi da sauri ya zama tururi, kuma idan ya zama tururi yana faɗaɗa kusan sau 1,700, ya ture iskar oksijin daga gindin wutar. Hazon da ya rage a iska kuma yana tare hucin wuta, ya hana kujerar da ke kusa ko labulen da ke gefe kamawa.

Fasahar ta bunƙasa ne bayan Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka fara daina amfani da iskar halon wajen kashe gobara, da kuma bayan gobarar jirgin ruwan fasinja Scandinavian Star a watan Afrilun 1990, wadda ta yi sanadin mutuwar mutum 159. Jiragen ruwa suna bukatar tsarin da ba shi da nauyi kuma ba ya cika jirgi da ruwa, kamfanoni irin su Marioff na ƙasar Finlan suka amsa wannan bukata, daga baya fasahar ta sauko kan tudu.

Wannan asali yana da muhimmanci ga mai gidan wasa, domin ɗakin jirgi ƙarami ne kuma a rufe yake, zauren kiɗa kuwa fili ne mai tsayi da yalwar iska. A ƙaramin ɗaki tururi yana taruwa ya shaƙe wutar, amma a babban zaure yana watsewa, don haka aikin hazon a can shi ne sanyaya wuta da hana ta yaɗuwa har 'yan kwana-kwana su iso. Wutar da ta shige cikin soson kujera ko ƙarƙashin katako tana iya ci gaba da ci a ɓoye. Duk ɗan kwangilar da ya yi alƙawarin cewa tsarinsa zai kashe kowace irin wuta ƙurmus a kowane lungu na ginin, ya kamata a yi taka-tsantsan da shi.

A raba ginin gida-gida kafin a tambayi farashi

Mataki na farko na aiki shi ne a zagaya ginin tare da injiniyan kare gobara wanda ba ma'aikacin kamfanin da ke sayar da kayan ba ne, a rubuta kowane sashe da tsayin rufinsa, da abin da ake ajiyewa a ciki, da yadda iska ke kaiwa da komowa. Harabar shiga da ofisoshi da ɗakunan canza kaya ba su da wahala, domin rufinsu gajere ne kuma akwai bakunan feshi da yawa da aka amince da su don irin waɗannan wurare. Ɗakin ajiyar tufafin wasa, da wurin aikin kafintoci inda fenti da garin katako suke, da ɗakin na'urorin sarrafa fitilu, da ramin makaɗa, da sararin da ke ƙarƙashin dandamali, da ɗakin janareto, kowannensu yana da irin wutar da ake tsammani daga gare shi, kuma kowanne yana bukatar nasa lissafi. Kada a manta da sararin da ke tsakanin silin da rufin kwano, musamman a tsofaffin gine-gine masu azarar katako, domin can ne wuta ke tafiya ba a gani.

Bayan an gama wannan rarrabawa sai a nemi kowane kamfani ya kawo, ga kowane sashe, takardar gwajin gobara na gaske da aka yi wa bakin feshin da yake son sanyawa. A nan ne hazon ruwa ya sha bamban da tsarin yayyafi na gargajiya. A wancan akwai jadawalin lissafi na bai ɗaya da kowane injiniya zai iya bi, a wannan kuwa babu, sai dai kowane kamfani ya gwada kayansa a ɗakin gwaji, a rubuta iyakar tsayin rufi, da tazarar da ke tsakanin baki da baki, da mafi ƙarancin matsi, a cikin littafin tsarawa da kafawa da kulawa na wannan kamfani. Ƙa'idar Turai EN 14972 a kan haka ta ginu, haka ma takardun amincewa da cibiyoyi irin su FM Approvals da UL na Amurka da VdS na Jamus suke bayarwa. Idan an gwada baki a rufi mai tsayin mita 5, ba a da hujjar sanya shi a rufi mai tsayin mita 12, ko da kuwa famfon yana da ƙarfi. Haka kuma ba a haɗa bakin feshin wani kamfani da famfon wani don neman sauƙin kuɗi, domin amincewar da aka bayar ta tsarin ce gaba ɗaya. Yana da kyau a sanya hukumar kashe gobara da kamfanin inshora cikin maganar tun a wannan mataki, kafin a sayi ko da bututu ɗaya.

Dandamali da hasumiyarsa

Wannan shi ne sashe mafi wuya, kuma nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci da tunani. A saman dandamalin babban gidan wasa akwai doguwar hasumiya inda ake ɗage labule da allunan zane idan ba a bukatarsu. Suna rataye a jere, a tsaye, da 'yar tazara tsakaninsu, kuma wuta tana hawa irin wannan jeri da saurin gaske yayin da hasumiyar ke zuƙo iska daga ƙasa kamar bututun hayaƙi. Ɗigon hazo ba shi da nauyi, saboda haka zazzafar iskar da ke tashi tana iya kwashe shi ta mayar da shi sama kafin ya isa inda wutar take, su kuma labulayen da kansu suna tare feshin.

Saboda wannan dalili ba a dogara a nan da bakunan da wata 'yar kwalba ke toshewa har sai zafi ya fasa ta. Ana amfani da bakuna buɗaɗɗu da aka raba shiyya-shiyya, ta yadda da zarar na'urar gano wuta ta ba da sanarwa, bawul ɗin shiyyar zai buɗe duk bakunan su yi feshi a lokaci guda. Ana jera su a hawa fiye da ɗaya: a can ƙololuwa, a ƙarƙashin barandun da ma'aikata ke tsayawa, da kuma gefen dandamali. Dole ne a sanya maɓallin kunnawa da hannu a inda mai kula da dandamali yake tsayawa, domin sau da yawa idonsa ne zai riga kowace na'ura ganin tartsatsi. A ganina, idan kamfani ya kasa kawo shaidar gwajin da ya yi kama da tsayin hasumiyar da yawan kayan da ke cikinta, gara a bar tsarin gargajiya mai kwararo da ruwa mai yawa lokaci guda a kan dandamali, a yi amfani da hazo a sauran ginin. Babu aibi a haɗa tsari biyu a gini ɗaya, kuma katakon da ya jiƙe ana iya canza shi.

Hazon ba ya maye gurbin labulen kariya daga wuta, wato babban allon da ke sauka ya raba dandamali da 'yan kallo, wanda ƙa'idoji da dama suka ce ya rufe cikin daƙiƙa 30. Haka kuma ba ya maye gurbin tagogin fitar da hayaƙi na saman hasumiya. A gobarar Iroquois labulen kariyar ya maƙale bai sauka duka ba, tagogin sama kuma a rufe suke, sai aka buɗe ƙofar bayan dandamali iska ta shigo ta turo harshen wuta kan jama'a. Abin da ya kamata injiniya ya tsara a rubuce shi ne jerin yadda abubuwa za su biyo juna: sanarwa ta tashi, a kashe na'urorin sanyaya ɗaki da fankokin da ke iya kwashe hazon, labulen kariya ya sauka, a yanke lantarkin fitilun dandamali, fitilun zaure su kunnu, feshi ya fara. Lokacin buɗe tagogin hayaƙi yana bukatar nazari na musamman, domin idan sun zuƙi iska da ƙarfi fiye da kima za su tafi da hazon tare da hayaƙin.

Zauren 'yan kallo

Matsalar zaure ita ce tsayi. Bakin feshin da ke can saman rufi zai daɗe bai ji zafin kujerar da ke ci a ƙasa ba. Zauren kiɗa na Elbphilharmonie a birnin Hambug na Jamus, wanda aka buɗe a watan Janairun 2017 kuma babban zaurensa ke ɗaukar mutum 2,100, ya fuskanci wannan matsala, ga kuma bangonsa da aka lulluɓe da allunan gyaran sauti kusan 10,000 da ba a so su sha ruwa. Abin da aka yi shi ne aka kafa tsarin hazo mai matsi mai ƙarfi da bakunan feshi a daɓen zauren, kusa da inda wuta za ta iya tashi, bayan an gwada dabarar da wuta ta gaske. Ba kowane gida ne ke da kuɗin irin wannan gwaji ba, amma hanyar tunanin ta kowa ce: a kawo bakin kusa da abin da zai ƙone. Ƙarƙashin bene da ƙananan ɗakunan manyan baƙi suna da gajeren rufi, don haka bakuna masu kwalba sun wadatar a can.

Kwalbar da ke toshe bakin tana fashewa a zafin da aka ƙayyade, kuma launin ruwan da ke cikinta ne ke nuna shi: a ma'aunin Salsiyas, ruwan lemo digiri 57, ja digiri 68, rawaya digiri 79, kore digiri 93. Kusa da manyan fitilu, ko a ƙarƙashin rufin kwano a ƙasashe masu zafi, a zaɓi kwalbar da ta ɗara zafin wurin da tazara mai kyau, in ba haka ba wata rana feshi zai tashi babu wuta. Inda ake tsoron irin wannan kuskure, kamar ɗakin ajiyar kayan kiɗa masu tsada, ana barin bututun babu ruwa sai na'urar gano hayaƙi ta tabbatar da wuta, sannan ruwa ya shiga ya jira kwalba ta fashe.

A tuna kuma cewa hazo yana rage gani, yana kuma sanyaya hayaƙi ya sauko da shi ƙasa. Saboda haka a sanya alamun hanyar fita da ƙananan fitilu a gefen matakala da ƙasan bango, ba a saman ƙofa kaɗai ba, ƙofofin kuma su riƙa buɗewa ta waje da turawa ɗaya.

Gano wuta ba tare da ruɗuwa da hayaƙin wasa ba

Masu shirya wasa suna amfani da hayaƙin ado don hasken fitilu ya fito, shi kuma yana tayar da na'urorin gano hayaƙi. Abin da ke biyo baya sananne ne: ma'aikata su gaji da ƙarar ƙarya, su kashe na'urar, su manta ba su kunna ba. Hanyar da ta dace ita ce a haɗa na'urori iri biyu a kan dandamali, misali mai gano harshen wuta da wayar da ke jin zafi a tsawonta, a kuma tsara cewa sai biyu sun yi ittifaƙi kafin bawul ya buɗe. A zaure mai tsayi, na'urar da ke zuƙo iska ta ƙananan bututu tana bincikarta ta fi saurin gane hayaƙi. Idan dole ne a dakatar da wata shiyya yayin wasa, a yi shi da maɓalli mai agogo wanda ke mayar da ita da kansa, a kuma ajiye mutum na musamman yana tsaron wurin.

Famfo, ruwa da lantarki

NFPA 750 ta kasa tsarin gida uku bisa matsi: mai ƙaramin matsi har zuwa kusan bar 12 (bar ma'aunin matsi ne), matsakaici daga nan zuwa kusan bar 34, mai babban matsi daga nan zuwa sama, kuma galibin masu babban matsi suna aiki ne a wajen bar 100 ko fiye. Mai babban matsi yana amfani da siraran bututun ƙarfen da ba ya tsatsa, waɗanda na kusa da baki ba su wuce kaurin yatsa ba, shi ya sa ake iya lanƙwasa su a bi da su bayan adon tsohon gini ba tare da fasa bango ba. Mai ƙaramin matsi ya fi araha kuma gyaransa ya fi sauƙi, amma bututunsa sun fi kauri kuma ya fi shan ruwa. Akwai kuma tsarin da ke tura ruwa da tukwanen iskar naitirojin, wanda ya dace da ƙaramin ɗaki kamar na janareto, sai dai yana ƙarewa idan tukwanen sun ƙare, don haka bai dace da zaure ba.

A lissafa girman tanki bisa shiyyoyin da za su iya yin feshi a lokaci guda, na tsawon lokacin da hukuma ta gindaya, wanda ba ya gaza minti 30 kuma sau da yawa yakan kai minti 60. Inda motar kashe gobara ke daɗewa kafin ta iso, hankali ya ce a ɗauki adadi mafi tsawo. Tsabtar ruwan ba abin wasa ba ce, domin ƙofofin bakin feshi ƙanana ne ƙwarai, ƙwayar yashi ko ɓarɓashin tsatsa ya isa ya toshe su. Ruwan rijiyar burtsatse mai laka ko mai yawan gishiri sai an tace shi kafin ya shiga tanki, tankin ya kasance a rufe kuma ba mai tsatsa ba, da matata a mashigarsa da kuma gaban famfo. Kada a yarda a haɗa tankin gobara da na banɗaki, domin ranar da ake bukatarsa za a tarar an shanye shi. A wuraren da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, famfon lantarki shi kaɗai bai isa ba, sai an ƙara masa famfo mai injin dizal ko janareton da ke tashi da kansa, da wayoyin da ke jure wuta waɗanda ba su bi ta dandamali ba.

Karɓar aiki da kulawa

Kafin a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe, a wanke cikin bututun duka, a gwada su da matsin da ya kai ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a kunna famfo a auna matsi a baki mafi nisa, sannan a gwada jerin matakan nan tun daga sanarwa har saukar labule a gaban jami'an kashe gobara. A karɓi zanen aikin yadda aka kafa shi a zahiri, da bakuna da matatai na ajiya, da yarjejeniyar kulawa da kamfanin da ke da ƙwararru a kusa. Daga nan a riƙa tayar da famfo kowane mako, a duba yawan ruwa da man dizal da batura, a tabbatar kowane bawul yana buɗe kuma an ɗaure shi da hatimi, a rubuta komai a littafi. Lokacin hunturu ƙura tana cika na'urorin gano hayaƙi, sai a ƙara yawan share su. A gargaɗi masu fenti kada su shafi baki ko ɗaya, a kuma hana masu ado rataya kyalle ko waya a jikin bututu. Duk lokacin da sabon wasa ya zo da babban gini a kan dandamali, musamman mai rufi ko bene, a duba ko ya tare feshi, idan ya tare a sanya tukwanen kashe wuta da mai tsaro a ƙarƙashinsa.

Lokacin gyaran gini ya fi kowane lokaci haɗari, domin a sa'ilin ne ake rufe bawul a kashe na'urori. Gidan opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, na Liceu a birnin Baselona na ƙasar Sifen ya ƙone a ranar 31 ga Janairu 1994 bayan tartsatsi ya faɗa kan labule ana cikin aikin gyara, kuma sai 1999 aka sake buɗe shi. Gidan opera na La Fenice a birnin Benis na ƙasar Italiya ya ƙone a ranar 29 ga Janairu 1996 shi ma ana cikin gyara, kotu ta sami wasu masu aikin lantarki biyu da laifin cinna wutar, kuma 'yan kwana-kwana sun sha wahalar samun ruwa saboda an janye ruwan magudanan da ke kusa don yashe su. Saboda haka kada a fara walda ko yankan ƙarfe sai da izini a rubuce daga mai kula da ginin, a janye labule da katako daga wurin, a rufe shiyyar da ake aiki a cikinta kaɗai a bar sauran a kunne, a ajiye mutum da tukunyar kashe wuta yana kallon wurin har aƙalla awa ɗaya bayan an gama, kuma kafin a kulle ginin da dare wani mai alhaki ya je da kansa ya ga an mayar da bawul ɗin a buɗe ya sa hannu a littafi.